Injin Taliyar Nana Hauwa

A Gangaren Tudu da wuya ka sami wanda ya mallaki hankalinsa a unguwar bai ci taliyar Nana Hauwa ba. A da, idan ka shiga gidanta da hantsi sai ka sunkuya, domin igiyoyi ne a ɗaure tun daga bakin ɗakin girki har jikin bishiyar gwaiba, kowacce ɗauke da taliya 'yar murji tana shan iska. 'Yan makaranta kan biyo da kwanukansu, a zuba musu, a yaryaɗa manja, a barbaɗa yaji, su tsaya nan zaure su cinye kafin su wuce. Da wannan sana'ar ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da ita kuma ta aurar da 'ya'yanta.

Daga baya taliyar leda ta cika shaguna, masu saye suka ragu. Ita ma wuyan hannunta ya fara ciwo. Da autarta Nana Aisha ta yi aure aka kai ta Lafiya, sai ta wanke injin murjin, ta shafa masa mai, ta naɗe shi a tsohon zani ta tura ƙarƙashin gado. Tun daga nan girki ya fita daga ranta. Takan ɗora tukunya ne don kada maƙwabta su ce ba a hura wuta a gidan, ta ci loma kaɗan, ta ba 'ya'yan maƙwabta sauran. Ba wani rashin lafiya ba ne. Abinci ne kawai ya koma mata kamar shan magani.

Wata ranar Laraba da damina, tana zaune tana tsince shinkafa, aka yi sallama a zaure. Ta ce a shigo. Wani saurayi ne dogo, siriri, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta irin gaisuwar Yarbawa, amma Hausar bakinsa ta Keffi ce tsantsa. Ya ce sunansa Mayowa, shi da wansa Wasiu ne ke da gidan abincin nan na Sabon Gari da ake kira Iya Wasiu, kusa da layin makanikai. Ya ce lokacin da yake firamare ya sha cin taliyarta, har ta taɓa korarsa don ya ja igiyar shanya. Nana Hauwa ba ta tuna shi ba, amma ta yi dariya, ta ce waɗanda ta kora saboda igiyar nan sun fi a ƙirga.

Ya ciro waya ya matso kusa da tabarmarta. Ya ce akwai wasu finafinai da yake yawan kallo, na mutanen Italiya da suka bar ƙasarsu suka tafi ci-rani Amurka. Kusan kullum labarin wa da ƙane ne, sun buɗe gidan abinci, suna faɗa suna shiryawa, ana ta dafe-dafe. Ya ce yana kallon wani shekaranjiya sai ya ga abin da ya sa ya miƙe zaune.

Ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta. Wasu Turawa biyu ne a ɗakin girki, hannuwansu duk gari. Ɗaya na juya hannun inji, ɗaya na tarar faifan ƙulli yana fitowa. Injin irin nata ne sak, har ɗan maƙallin da ake ɗaure shi a jikin tebur. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu, amma ta ga yadda babban ya taɓa ƙullin da bayan yatsa ya girgiza kai, ta san ruwa ne ya yi yawa. Daga nan aka nuno dogon tebur, mutane cike, tsofaffi da yara, ana miƙa kwanuka ta saman kawuna, kowa na magana da abinci a baki. Ta daɗe tana kallo kafin ta mayar masa da wayar.

Mayowa ya ce ya zo ne ta sayar masa da injin, in har yana nan. Yana so ya fara irin wannan abincin a shagonsu.

Ta ce masa injin yana nan, amma ba na sayarwa ba ne, marigayi ne ya sayo mata shi daga Jos tun tana goyon fari. Sai ta tambaye shi ko ya taɓa kwaɓa fulawa. Ya ce a'a, amma ya kalla sau da yawa.

"To ko na ba ka, ɓata shi za ka yi," in ji ta. "Wace rana ce ba ku da jama'a?"

Ya ce Lahadi da yamma sukan rufe. Ta ce ya turo mata keke napep bayan azahar.

Bayan ya tafi ta yi mamakin kanta. Ba ta yi niyyar cewa za ta je ba, bakinta ne ya riga ta. Ta jawo injin daga ƙarƙashin gado ta kwance zanin, ta juya hannun. Bai cije ba.

Gidan abincin ɗaki biyu ne da rumfar kwano a gaba, sai ɗakin girki a baya wanda hayaƙi ya rine bangonsa. Can ta tarar da Wasiu, mutum mai jiki, mai ƙarancin magana, wanda ya girmi Mayowa da nisa. Ya gaishe ta da ladabi, ya goge mata kujera, ya kawo ruwa, amma ta ga fuskarsa ba ta saki ba. Da ya ga ƙanensa na ɗaure inji a jikin teburin yankan nama, sai ya yi masa magana da Yarbanci a hankali. Mayowa ya amsa da sauri, hannu na tashi sama. Ba ta jin Yarbanci, amma ta yi renon yara, ta san muryar babba idan yana ganin ƙarami zai jawo musu wahala.

Daga baya Mayowa ya fassara mata. Uwarsu Modupe ce ta kafa wurin tun suna ƙanana, ta yi ta tuƙa amala har gwiwa ta gaza, ta koma Ogbomosho wajen danginta ta bar musu. Shi Wasiu ganinsa shi ne abin da ta bari ya isa: amala da ewedu da miyar wake, shinkafa da miya, sai sakwara ranar Asabar. Makanikai da direbobi ne masu cin abincinsu, kuma abin da zai riƙe su har yamma suke nema. Shi kuwa Mayowa cewa yake ga ɗaliban jami'a sun cika gari, ga ma'aikatan da ke kwana Keffi suna aiki Abuja, mutum ba zai mutu yana tuƙa abu ɗaya ba.

Nana Hauwa ba ta sa baki ba. Ta wanke hannu ta ce a kawo fulawa.

Nan ita da Mayowa suka sami nasu saɓanin. Ya kawo ƙwai ya ce a fim da ƙwai suke kwaɓawa. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an fasa ƙwai a taliya ba, gishiri ne da ɗan ruwan kanwa, shi ke nan. Ya nace. Ta ce to a raba fulawar biyu, kowa ya yi nasa. Ta kwaɓa nata, sannan ta tsaya a kansa tana nuna masa yadda zai danna da tushen tafin hannu, ya ninke, ya sake dannawa. Kafin ƙullin ya yi laushi gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce a fim bai ga abin yana ɗaukar lokaci haka ba.

Da aka zo murji, ita ta riƙa sa ƙullin, shi yana juya hannu. Nata ya fito yadda ta saba. Da aka sa mai ƙwan, sai ta ji shi a yatsunta daban, santsi kamar sabon yadi, ga shi yana miƙewa, bai tsinke ba ko da ta matse injin ya fito siriri. Ta ɗaga shi ta duba a hasken taga. Sai ta sake ɗaukar wani curin daga na Mayowa ta bar nata.

Mayowa ne ya yi miyar. Tumatir zalla ya niƙa, da tafarnuwa da ɗan ganyen ɗoɗɗoya, ya hana a sa attaruhu ko ɗaya, wai haka suke yi. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya jera cokula masu yatsu. Ana cikin haka Asta ta leƙo da ƙwaryarta a ka. Bafillatana ce daga wata ruga a hanyar Akwanga, ita ke kawo wa Wasiu man shanu da kindirmo, da kuma cukun madara da Yarbawa ke kira wara, wanda take daskarar da shi da ruwan tumfafiya. Ranar ta yi yamma a kasuwa, ta biyo ta sauke saura. Mayowa ya ce ta zauna, yau ita ma baƙuwa ce.

Aka zuba, kowa ya kai loma. Asta ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta dubi Nana Hauwa ta tambaya cikin ladabi ko wani ne ba shi da lafiya a gidan. Nana Hauwa ta so ta danne dariya, ta kasa. Mayowa ya ce ai harshensu ne bai saba ba, amma shi ma cokalinsa bai koma kwanon da sauri ba.

Wasiu, wanda tun ɗazu yake bakin ƙofa yana kankare tukunya, ya taso ya ɗauki sili ɗaya na taliyar da yatsa, ba miya, ya tauna. Sai ya koma ciki, suka ji ya hura wuta. Ya yanka cukun Asta ƙanana ya soya a man shanu har gefensa ya yi ja, ya ɗebo soyayyar miyar tattasai da attaruhu da ta rage ta rana, ya juye a kan miyar tumatir ɗin ƙanensa, ya kwashe taliyar duka ya jujjuya a ciki. Bai raba a faranti ba. A babban tire ya kawo ya dire tsakiyar farin ƙyallen.

Ƙamshin man shanu ne ya fara isa. Nana Hauwa ta ajiye cokali ta sa hannu. Taliyar ta sha miya amma ba ta narke ba, tana da ɗan ƙarfi a haƙori. Yajin ya zo daga baya, a hankali, cukun kuma ya yi ƙus-ƙus a waje, ciki laushi. Ta kai loma ta biyu, ta uku. Asta ta cire mayafi ta gyara zama. Mayowa na ci yana cewa ba haka ake yi a Italiya ba, hannunsa kuma bai bar tiren ba. Aka fara yayyafi a kan rumfar kwano, babu wanda ya tashi. Asta ta ba su labarin wata saniyarsu da ta koyi buɗe ƙofar rumbu da ƙaho, Wasiu ya yi dariya har ya ƙware, ƙanensa ya bubbuga masa baya. Sai da Nana Hauwa ta ga tana suɗe yatsa tana leƙen ko akwai saura a tukunya, sannan ta lura da irin cin da ta yi. Ta ji kunya kaɗan. Wasiu ya gani, ya tashi ya kankaro mata na ƙasan tukunyar.

Daga ranar ta riƙa zuwa Talata da Asabar da safe. Su murza, su shanya a bayan shago, da rana a dafa. Mayowa ya sa aka rubuta a allo da wani dogon suna na Italiyanci, amma babu wanda ya taɓa kiran sunan, kowa taliyar Mama yake cewa. Ɗalibai sun fara zuwa, suna ɗaukar hoton kwanon kafin su ci. Makanikai kuwa ba su canza ba. Wani cikinsu mai suna Siman ya ɗanɗana ya yaba, sannan ya ce a kawo masa amalarsa, wannan ai buɗe ciki ne. Wasiu bai taɓa injin ba ko sau ɗaya. Miya kawai yake yi, idan Nana Hauwa za ta tafi ya ƙulla mata abinci a kula, ita kuma ta daina ba 'ya'yan maƙwabta duka.

Tana lura da Mayowa. Yaro ne mai kirki, mai son mutane, shi ke zagaya tebura yana sa masu ci dariya. Amma kwaɓi ya ishe shi tun ba a je ko'ina ba. Abin da yake so shi ne fitilu masu launi, da kiɗa a hankali, da masu hidima cikin fararen riguna, kuma rumfar kwano a layin makanikai ba za ta zama haka ba. Da kaka ta yi, wani abokinsa ya samo masa aiki a ɗakin girkin wani otal a Abuja. Ya gaya wa Nana Hauwa kafin ya gaya wa wansa, ya roƙe ta ta sa baki. Ta ce masa wannan maganar 'yan ɗaki ɗaya ce, shi zai faɗa da bakinsa.

Ba ta nan lokacin da ya faɗa. Ta dai zo ranar Asabar ta tarar ba sa magana. Wasiu na tuƙa amala kamar da ita yake faɗa. Mayowa ya raka ta bakin titi, ya ce Buroda, wato wansa, bai hana shi ba, amma bai ce masa Allah ya kiyaye ba. Ranar Litinin ya tafi.

Nana Hauwa ta ɗauka zancen taliya ya ƙare, tun da mai son abin ya tafi. Ta bar Talata ta wuce ba ta je ba. Ran Alhamis da safe ta ɗauki tsohon zaninta ta hau keke don ta ɗauko injin. Gaban shagon ba kowa, sai ta zagaya baya. Wasiu ne tsaye a jikin tebur, gari har gemu, yana juya hannun injin da ƙarfi. Ƙullin na fitowa a yayyage, yana manne wa ƙarfen. A gefe ga wani tulin da ya riga ya lalace.

Da ya gan ta ya saki hannun injin kamar an kama shi da laifi. Ya ce ɗalibai ne suka dame shi da tambaya. Ta dubi tulin, ta dube shi. Ya share hannu a jikin riga, ya ce da safe kafin a fara zuwa wurin yakan yi shiru da yawa, ya rasa abin yi da hannunsa.

"Mama, tun Mayowa yana goye nake jin surutunsa a ɗakin nan," in ji shi. "Ban san yana cika wuri haka ba."

Ta ajiye zanin a kan kujera, ta taɓa ƙullin da bayan yatsa. Ta ce ruwa ya yi yawa, kuma bai bar shi ya huta ba. Ƙulli ba amala ba ne da ake gama shi da ƙarfin damtse. Ta sa ya ƙara gari, ya rufe da kwano, suka zauna suna jira. A zaman ne ya gaya mata uwarsu ta bugo waya tana tambayar wace ce wannan matar da ta shigar mata ɗakin girki, da ya yi mata bayani ta ce a gaishe ta, kuma a tambaye ta me take shafa wa gwiwa. Nana Hauwa ta ce man shanu da citta, amma kada ta sa rai da yawa.

Wasiu ya fi ƙanensa jinkirin koyo, amma abin da ya kama ba ya saki. Kafin sanyi ya shigo ya iya murji shi kaɗai, ita sai dai ta zauna ta tara, tana shanyawa. Shi ma ya koya mata yadda ake kaɗa ewedu da ɗan tsintsiya, ta ce ashe lalo ne aka canza wa suna. Game da Mayowa ba ta ce masa komai ba, sai rana ɗaya da wayarsa ta yi ta ƙara a kan tebur ya ƙi ɗauka. Ta ce masa ita idan Nana Aisha ta kira, ko tana fushi da ita takan ɗauka, don ba ta san me ya sa aka kira ba. Da wayar ta sake ƙara ya fita da ita waje.

Wata Lahadi bayan azahar Mayowa ya zo. Ya rame kaɗan, ya yi aski irin na 'yan birni, hannunsa da tabon ƙuna. Ya kawo wa Nana Hauwa turmin atamfa, ya kawo wa wansa wata doguwar wuƙa da kwalbar man zaitun. Ya kwanta ƙasa ya gaida Wasiu. Wasiu ya bar shi a kwance ɗan lokaci, sannan ya ce ya tashi ya wanke hannu. Mayowa ya ce a otal ɗin albasa kawai yake yankawa tun safe, ba a bar shi ya matsa kusa da tukunya ba tukuna, kuma abincin ma'aikata ba shi da gishiri. Amma zai zauna, yana koyon abubuwa. Wasiu ya buɗe man zaitun ɗin ya sunsuna, ya rufe ya ɗora a kan kanta, ya jawo kwanon man shanu.

Asta ma tana nan, ta kawo cuku. Suka ci tare su huɗu. Da aka kusa gamawa 'yan'uwan suka koma Yarbanci, murya ƙasa-ƙasa, kawunansu kusa da juna a kan tiren. Nana Hauwa ta yi wa Asta ido, suka wanke hannu suka fito.

A bakin titi suka tsayar da keke ɗaya, tun da hanyarsu ɗaya ce har kasuwa. Asta na ba ta labarin za su matsa da shanu wajen kogi kafin ciyawa ta bushe, amma ita da yara suna nan, cuku ba zai yanke ba. Da suka iso kasuwa Nana Hauwa ta ce mai keke ya tsaya, nan za ta sauka. Nana Aisha za ta zo da yara ranar Juma'a, ita kuma tana so ta duba ko kabewa ta fara shigowa, ta yi musu miyar taushe.